Tsohuwar Mota In Injinta Ya Gaza: Gyara Ko Sauyi?

Da can jakuna ne ke fitar da taki daga birnin Kano zuwa gonaki. Yanzu a-kori-kura ta karɓi yawancin aikin, har da kai hatsi kasuwar Dawanau. A cikinsu akwai tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. To, ran da injin irin wannan mota ya gaza, me ya kamata mai ita ya yi?

Da fari, kada ya yarda a kwance inji sai an san ciwon. Hayaƙin salansa shi ne shaida na farko. Baƙin hayaƙi, watau fetur ya yi yawa, sau da yawa gyaran kafireto ne, kuɗi kaɗan. Shuɗi kuwa, inji na ƙona baƙin mai, ringi sun cinye. In fari ne mai kauri, ruwan lagireto na raguwa, baƙin mai ya koma kamar madara, to gasket ya ƙone. Amma in aka ji bugu daga ƙasan inji, fitilar mai ta kama, lalle a kashe motar nan take, gama tafiyar mil guda tana iya lalata kiranshaf.

Sa'an nan sai lissafi. Bakanike ya rubuta kayan da za a saya ɗaya ɗaya, da ladan aikinsa dabam. Mai mota ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da kansa ya tambayi farashinsu, ya kuma tambayi na tsohon inji ɗan Beljiyam. Kada ya dogara da tsohon farashi, domin kayan waje sun yi tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

In gangar inji ba ta tsage ba, kiranshaf kuma yana gyaruwa, gyara ya fi, don ya san abin da aka sa masa. In ta tsage, sai sauyi. Amma kada ya biya sai an tayar da injin ya ji, an kuma yi sharaɗin mayarwa gaban shaidu. Araha ba ta ado.

Ya kuma lissafa kwanakin da mota za ta yi a gareji. Wanda ya bar gyara har kaka ta kama, zai biya bakanike, ya biya hayar motar wani. Allah ya kiyaye.