Rauta da Rabon Tuwon Gidan Yawa

A gidan da na tashi, mutum ashirin da ɗoriya ne ke cin tukunya ɗaya. Da magariba ta kawo jiki, Inna za ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna gaban murhu, mara a hannu, kwanuka jere a gabanta: akushin Baba, langar samari, kwanonin silba na yara, da wata tsohuwar tasa da ba mai ci a cikinta sai Kaka. Ba sunan kowa a jikin kwano, amma ban taɓa ganin ta yi ɓatan kai ba. Ta san mai cin malmala uku, ta san wanda rabi ke isarsa, ta kuma san cewa na Kaka sai an sassauta tuƙinsa saboda haƙora. Kwanon baƙo kuwa daban yake, a zaure ake kai masa.

Na tuna da wannan zama ne ranar da na ɗauki makullin mota zan fita, sai 'yata ta biyo ni har ƙofa tana cewa, "Baba, don Allah ɗan jinkirta, saura kaɗan in gama tura aikin makaranta." Wayata ce ke raba wa gidan duka data. In na fita, intanet ya fita tare da ni. Ga tsohuwar kwamfutata ta tebur mai Windows, ga Mac ɗin ƙanena da ke zaune tare da mu, ga ɗana da ya cusa wa tasa Linux yana taƙama, ga wayoyin Android sun kai shida. Gidan ya zama gidan yawa, kuma ba shi da mai rabo. Na'urar da ake kira rauta ita ce wannan mai rabon.

Tambayar da ta fara zo mini ita ce ko waɗannan kwamfutoci mabambanta za su iya cin tukunya ɗaya. Ashe tuwo bai san akushi ba, bai san langa ba. Tun ranar 1 ga Janairun 1983, da ARPANET, kakar intanet a Amurka, ta koma amfani da ƙa'idar TCP/IP wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka tsara, aka samu yare ɗaya da kowace kwamfuta ke ji. Don haka babu rautar Windows, babu rautar Mac. Duk wanda ya ce maka sai ka sayi ta musamman saboda irin kwamfutarka, aljihunka yake hange.

Aikinta na farko shi ne ba kowa kwanonsa. Da zarar na'ura ta shigo, rauta za ta yanka mata lamba ta cikin gida, irin su 192.168.1.5, ta riƙe a ranta cewa wannan ta wance ce. Aiki na biyu kuwa sautu ne. Ranar kasuwa a garinmu yaro ɗaya ake aika: wannan ɗaki na son daddawa, wancan kuka, wata kuma zare da allura. 'Yan kasuwa ba su san ɗakunan ba, yaron gidan Malam kawai suka sani. In ya dawo, Inna ce ke ware kayan kowa. Haka rauta ke yi. Kamfanin da ke sayar maka da intanet lamba ɗaya tak yake ba gidan, duk saƙon da ya fita da wannan lamba yake fita, amsa ta dawo, rauta ta duba lissafinta ta miƙa wa mai shi. Wannan dabara ce ta rufa wa duniya asiri, domin lambobin tsohon tsari ba su wuce biliyan 4.3 ba, an kuma raba ragowarsu na ƙarshe daga babban rumbu a watan Fabrairun 2011, alhali yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, wasu da waya bibbiyu.

To, ga abin da mai shago ba zai fara gaya maka ba: mara ba ta ƙara tuwo. Komai gwanintar Inna, abin da aka auno daga rumbu shi za ta raba. In layin da ke shigowa gidanka megabit 10 ne a daƙiƙa, ko ka sayi rauta mai eriya takwas kamar ƙahonin barewa, goman nan dai za a yayyanka. Kallon bidiyo mai tsabta shi kaɗai yana cin wajen megabit 5. Mutum biyu suka zauna kallo, na uku sai ya lashi ƙanzo. Manyan lambobin da ke jikin kwali ma akwai zance a cikinsu. Wadda aka rubuta wa AC1200, an haɗa 300 na zango ɗaya ne da 867 na ɗaya zangon, aka cike lissafi, kuma babu kwamfutar da za ta sami jimillar a lokaci guda. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka zaɓi daga rumbu yake farawa. Ta ina intanet zai shigo gidan? In unguwarku an ja wayar faiba, kamfanin kan kawo tasa na'urar, sai ka duba ko ta isa ko sai ka ƙara wata. In sim za ka sa, kamar yawancinmu, nemi rauta mai ramin sim, ka kuma tambaya ko an ɗaure ta da layin kamfani ɗaya, don kar ranar da sabis ɗinsu ya yi rauni a unguwarku ka rasa mafita. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Starlink ya shigo a farkon 2023, amma kafin ka biya kuɗin rautar 5G, tsaya a tsakar gidanka da waya mai 5G ka ga ko sabis ɗin na isowa. Sayen babbar tukunya a gidan da mudu ɗaya ake aunowa, wanke-wanke kawai yake ƙarawa.

Daga nan sai ƙidayar bakuna. 'Yar ƙaramar rautar aljihu mai batir ta dace da matafiyi ko ɗalibi, kamar tukunyar gwauro take. A ɗora mata gidan yawa, sai ta yi zafi ta riƙa yanke mutane. Dalili kuwa shi ne, a asalin tsarin Wi-Fi mara ɗaya ce: kwano ɗaya ake zuba wa, sannan na gaba, sai dai saurin hannun ya sa kowa ke jin kamar shi kaɗai ake yi wa. Na'urar da ke nesa ko tsohuwa tana jan lokaci kafin ta karɓi nata, kamar yaron da ke tahowa da kwano yana wasa a hanya, kowa na bayansa sai ya jira. Wi-Fi 4 na 2009 ya tsufa ga gida mai na'urori da yawa. Wi-Fi 5 na 2013 ya wadatar da yawancin gidaje. Wi-Fi 6 na 2019 kuwa ya koyi zuba wa kwanuka da dama a kwasa ɗaya, kuma a nan amfaninsa yake, a cunkoso.

Kada kuma a manta da Kaka. Rauta ta zamani da murya biyu take kira. Zangon 2.4 GHz kamar kiran Inna ne daga madafa: yana ratsa bango har ɗakin ƙurya, amma maƙwabta ma da irinsa suke kira, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci, duk a wuri ɗaya, kuma hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Zangon 5 GHz ya fi sauri da sarari, sai dai bango biyu na bulo sun isa su shaƙe shi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa na farkon kawai suke ji, don haka mai murya biyu za ka saya. Tawa ta tebur ma ba ta da kunnen Wi-Fi sam. Waya na ja mata daga ɗaya cikin ramuka huɗun da ke bayan rautar, kuma yau ita ta fi kowa ƙoshi, kamar mai zama kusa da murhu. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba tare da gajiya ba. A duba dai ramukan su zama na gigabit, domin masu araha da yawa a megabit 100 suke tsayawa.

Wurin zama ma rabin aiki ne. Inna ba ta taɓa rabon tuwo a ƙuryar ɗaki ba, tsakar gida take zama inda kowa zai iso ta. Na fara ajiye rautata a ƙasa bayan talabijin, ɗakin yara ya zama kamar wani gari. Da na mai da ita kan kanta a tsakiyar gida, nesa da ƙofar ƙarfe da firji, ƙorafi ya mutu ba tare da na kashe ko sisi ba. Gidan da ke da sassa da yawa ko bene, gara a ja waya a dasa ta biyu da a sayi ɗaya mai tsada ana fatan muryarta ta kai. Ga kuma batun wuta: yawancinsu bolt 9 ko 12 suke ci, ɗan ƙaramin batir na ajiya yana riƙe su sa'o'i bayan an ɗauke wuta.

Saura zaure. Gidanmu na dā ba ya hana baƙo abinci, amma baƙo ba ya shiga madafa. Rauta mai kyau tana da sashen baƙi, inda za ka ba abokin ɗanka ko maƙwabci intanet ba tare da ya leƙa cikin kwamfutocin gida ba. Ƙofar kanta a sa mata sakata ta WPA2, wadda ta fito a 2004, ko WPA3 ta 2018 in duk na'urorin gidan sun san ta. Tsohuwar WEP kuwa asabari ce, ba ƙofa ba. Abu na farko da za ka yi ranar da ka buɗe kwali shi ne sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada irin waɗannan kalmomi a kan rautoci da kyamarori, ta tara dubun dubata, aka yi amfani da su a watan Oktoba wajen durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Masu na'urorin suna gida ba su ma san an mai da su 'yan fashi ba.

Yanzu wata huɗu ke nan rautar na kan kanta, fitilunta na ƙyaftawa, ina fita lokacin da na ga dama. Mac da Linux da tsohuwar Windows suna ci tare ba faɗa. Sai dai ranar ashirin ga watan jiya, ina karyawa, autana ya leƙo ya ce, "Baba, rautar nan ta lalace." Na duba, lafiyarta lau. Data ce ta ƙare. A gidanmu na dā ma, ranar da tuwo bai kai ba, ba wanda ke duban marar Inna. Shiru ake yi, a saci kallon Baba.