Tseren keke na masu buƙata ta musamman: Yadda ake gasar da abin da Najeriya ke buƙata

Keken da ake tuƙawa da hannu, mai ƙafa uku, ba baƙo ba ne a titunan Kado da sauran unguwannin Abuja. Yawancin masu hawansa waɗanda cutar shan inna ta shafa ne tun suna yara. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, tuƙin keke da hannu wasa ne da ake cin lambar zinare da shi a duniya.

Tseren keke ya shiga gasar Olamfik ta nakasassu a shekarar 1984, kuma tun 2007 Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ce ke kula da shi. Domin a yi adalci, ƙwararru kan duba kowane ɗan wasa, su sanya shi a ɗaya daga cikin rukunai huɗu.

Rukunin H na masu tuƙi da hannu ne, daga H1 zuwa H5. Rukunin C, daga C1 zuwa C5, na masu iya hawan keke mai ƙafa biyu ne, kamar wanda ya rasa hannu ko ƙafa. Rukunin T, wato T1 da T2, na masu matsalar daidaita jiki ne, waɗanda ke hawan keke mai ƙafa uku. Rukunin B kuwa na masu larurar gani ne: keke ɗaya mai mazauni biyu, mai gani na gaba yana jan ragama, su biyun suna taka feda tare. Ƙaramar lamba na nuna larura mai tsanani.

Ana yin gasar a kan titi da kuma zagayayyen dandalin tsere. Abuja na da irin wannan dandali mai rufi a Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, ya kuma karɓi gasar tseren keke ta nahiyar a 2022. Sai dai rukunan B da C kaɗai ke hawa dandali. Masu H da T a titi suke fafatawa.

Babban cikas shi ne kayan aiki. Keken da maƙera ke haɗawa da ƙarfe ya dace da zirga-zirga, amma nauyinsa ba ya barin gudu. Na tsere mara nauyi ne, ƙasa-ƙasa, mai tsada, kuma daga waje ake shigo da shi. Ko a gasar Olamfik ta Paris ta 2024, sai da tawagar Jamus ta ara wa 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye keke kafin ta shiga tseren dandali.

Duk da haka, akwai abin koyi a kusa. Alem Mumuni na Ghana, wanda shan inna ta shafa, ya wakilci ƙasarsa a Landan a 2012 a rukunin C2. Najeriya ma, wadda ke halartar gasar nakasassu tun 1992, ta yi suna a ɗaga nauyi.

Dokar haramta wariya ga nakasassu, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin shiga harkokin jama'a. Sauran aikin shi ne samar da kekuna, masu horarwa da jami'an tantance rukuni, domin ƙarfin damtsen da ake gani a titi ya kai fagen gasa.