Gangara da Hawa Tsakanin Landan da New York

Duk ɗan kwale-kwalen da ke aiki a Kogin Kwara wajen Yawuri ya san gangara da hawa ba ɗaya ba ne. Ruwan da ya ɗauke shi da safe ya kai shi kasuwa ba gumi, shi ne zai ja da shi da yamma har kafaɗa ta yi tsami, alhali mashigin bai matsa ko taku ɗaya ba.

Haka abin yake tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK a New York. Nisan kilomita 5,540 ne, ko ta wane ɓangare ka auna. Amma mai zuwa Amurka yakan yi wajen awa takwas, mai dawowa Ingila kuwa wajen bakwai, wani lokaci ma ƙasa da haka. Wasu kan ce ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin. Da haka ne, da tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa.

Kogi ne a sama, na iska. Can wajen kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda manyan jirage ke tafiya, akwai wata igiyar iska mai kwarara daga yamma zuwa gabas, a inda sanyin arewacin duniya ke karo da ɗumin kudu. Lokacin sanyi takan wuce gudun kilomita 300 a awa. Jirgi kuwa wajen 900 yake yi, don haka ba ƙaramin turi ba ne, ba kuma ƙaramin cikas ba.

Dabarar matuƙa ta ɗan kwale-kwale ce sak. In zai gangara, tsakiyar ruwa yake nema, inda igiya ta fi ƙarfi. In zai hau, sai ya raɓi gaɓa, ko da hanyar ta ƙara tsawo. Shi ya sa kullum masu kula da zirga-zirgar jirage a Gander ta Kanada da Prestwick ta Sikotilan suke shata sababbin hanyoyi a kan Tekun Atlantika bisa inda iskar ta kwana: masu zuwa gabas a jefa su cikinta, masu zuwa yamma a kauce da su. A ganina, mai kallon taswira kaɗai don ya ƙiyasta lokacin tafiya rabin lissafi ya yi.

Wani lokaci kogin kan yi ambaliya. A watan Fabrairun 2020, ana tsakiyar guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Gudunsa bisa ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, fiye da saurin sauti, amma bai keta shingen sautin ba, domin a cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi.