Kirsimeti a baƙunci: Yadda iyalan 'yan ci-rani ke yin bikin a yankin Tekun Fasha

A ranar 25 ga watan Disambar kowace shekara, miliyoyin Kiristocin da ke zaune a ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha kan wayi gari da bikin Kirsimeti, amma akasarinsu sai su sanya kayan aiki su fita kamar kowace rana.

Babu ko ɗaya daga cikin ƙasashe shida na yankin, wato Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar da Kuwaiti da Bahrain da kuma Oman, da ke ba da hutu a hukumance domin wannan biki, wanda mabiya addinin Kirista ke yi don tunawa da haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam.

Hakan ya sha bamban da wasu ƙasashen Larabawa masu daɗaɗɗun al'ummomin Kirista, irin su Labanan da Jodan, inda ranar take ranar hutu ga kowa.

A yankin Tekun Fasha kuwa, in ban da wasu 'yan tsirarun iyalai 'yan ƙasa a Kuwaiti da Bahrain, kusan dukkan Kiristocin baƙi ne da neman abinci ya kai su. Sun fito ne daga Filifin da Indiya da Sri Lanka da Masar da Labanan da Habasha da Kenya da Najeriya, da kuma ƙasashen Turai da Amurka.

Baƙi su ne kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna Daular Larabawa da Katar. A Saudiyya ma, ƙidayar jama'a ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutum miliyan 13 da dubu 400 daga cikin mazauna ƙasar miliyan 32 'yan ƙasashen waje ne.

Abubuwa uku ne ke yanke hukunci kan yadda Kirsimetin iyalin baƙo zai kasance a waɗannan ƙasashe: dokar ƙasar da yake zaune, da yawan albashinsa, da kuma jadawalin aikinsa.

Majami'u a bayan katanga

A ƙasashe biyar daga cikin shidan akwai majami'u da hukuma ta amince da su, kuma da yawansu an gina su ne a kan filayen da sarakunan ƙasashen suka bayar kyauta.

Majami'ar Saint Mary ta ɗarikar Katolika da ke Dubai, alal misali, an buɗe ta ne a shekarar 1967 a kan filin da sarkin Dubai na lokacin, Sheikh Rashid bin Sa'id Al Maktoum, ya bayar. A yau tana cikin majami'un Katolika mafiya yawan mabiya a duniya, kuma ana gudanar da addu'o'i a cikinta da harsuna da dama, ciki har da Ingilishi da Larabci da Tagalog na Filifin da Malayalam na kudancin Indiya.

Ita kuwa Katar, sai a watan Maris na 2008 aka buɗe majami'ar farko a tarihinta na zamani, a bayan garin Doha. An gina ta ba tare da ƙararrawa ko alamar gicciye a waje ba.

A watan Disambar 2021, Bahrain ta buɗe wata babbar majami'a a garin Awali, wadda ke ɗaukar mutum 2,300, a kan filin da Sarki Hamad bin Isa Al Khalifa ya bayar.

Kafin nan, a watan Fabrairun 2019, Fafaroma Francis ya zamo shugaban ɗarikar Katolika na farko da ya taka tsibirin Larabawa. Ya jagoranci addu'a a filin wasa na Zayed da ke Abu Dhabi a gaban mutane fiye da dubu 130, ya kuma sanya hannu kan wata takardar 'yan'uwantaka tare da babban limamin Azhar, Sheikh Ahmad al-Tayyib.

Sai dai kuma wannan dama tana da iyaka. Ibada a cikin harabar majami'a ake yinta, kuma dokokin ƙasashen sun haramta yi wa Musulmi wa'azin sauya addini.

Kazalika majami'un sun yi wa jama'ar kaɗan. Saboda haka a daren Kirsimeti da yininsa akan jera addu'o'i ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su samu shiga ba su tsaya a tsakar haraba suna bi ta lasifika da allunan talabijin.

Saudiyya ta fita daban

A Saudiyya babu majami'a ko ɗaya, kuma ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibada a bainar jama'a, ko da yake ana ƙiyasta cewa Kiristocin da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan ɗaya.

Don haka iyalai kan yi bikinsu ne a cikin gidaje, ko a killatattun unguwannin da kamfanoni ke gina wa ma'aikatansu baƙi. Waɗanda ke lardin gabas kuma suke da hali, wasunsu kan tsallaka Bahrain ta gadar Sarki Fahad domin halartar addu'a.

Shekaru da dama jami'an hukumar Hisba ta ƙasar sun riƙa hana sayar da kayan adon Kirsimeti. To amma a watan Afrilun 2016 gwamnati ta karɓe wa hukumar ikon kama mutane, kuma tun daga lokacin al'amura suka fara sassautawa.

A 'yan shekarun nan ana ganin bishiyoyin ado da fitilu a wasu kantunan Riyadh da Jidda, galibi ba tare da an rubuta sunan bikin a jikinsu ba. A watan Disambar 2022 ma jaridar Arab News ta ƙasar ta fitar da bugu na musamman kan Kirsimeti a karon farko.

Duk da haka, dokar hana gina majami'u tana nan daram.

Albashi ne ke haɗa iyali

Babbar tambayar da ke gaban yawancin baƙin ita ce ko iyalin nasu ma suna tare da su.

A waɗannan ƙasashe, izinin zaman baƙo a ɗaure yake da aikinsa, ƙarƙashin tsarin nan da ake kira kafala. Wanda ke son kawo mata da 'ya'ya kuwa, sai albashinsa ya kai wani mizani.

A Daular Larabawa ana buƙatar dirhami dubu 4 a wata, ko dubu 3 idan kamfani ne ya ba ma'aikaci wurin kwana. Ita kuma Kuwaiti, lokacin da ta sake buɗe bizar iyali a farkon 2024, ta ƙayyade dinari 800 a wata.

Injiniyoyi da likitoci da malaman makaranta da manyan ma'aikatan banki ba sa shan wahalar cika wannan sharaɗi. Amma leburorin gini da masu gadi da direbobi da 'yan aikin gida, albashin da yawansu bai kai ko rabin haka ba. A Katar, mafi ƙarancin albashin da doka ta tanada tun watan Maris na 2021 riyal dubu ɗaya ne a wata, ban da kuɗin abinci da na masauki.

Ma'ana dai, miliyoyin iyalai a rabe suke yin bikin: uba a sansanin ma'aikata a bayan gari, ko uwa a gidan da take wa aiki, 'ya'ya kuma a gida wurin kakanni.

Zuwa gida ma ba abu ne mai sauƙi ba. Kuɗin jirgi kan yi tashin gwauron zabi a watan Disamba, kuma kwangilolin ƙananan ma'aikata da dama sau ɗaya a shekara biyu suke tanadar tikitin komawa gida.

Mata 'yan aikin gida su suka fi shiga tsaka mai wuya, domin lokacin biki aikinsu ƙaruwa yake yi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama, irin su Human Rights Watch, sun sha ba da rahoton cewa ana hana da yawansu hutun mako da doka ta ba su.

Wani lokacin kuma siyasa kan shiga tsakani. Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza daga watan Oktoban 2022 har zuwa Yulin 2024, jiragen kamfanin Emirates kuma ba su koma Legas ba sai ranar 1 ga watan Oktoban 2024. Ke nan Kirsimeti biyu suka wuce 'yan Najeriyar da ke aiki a can ba su iya gayyato iyalansu cikin sauƙi ba.

Ado a kantuna da otal-otal

Wanda ya shiga manyan kantunan Dubai ko Abu Dhabi a watan Disamba ba zai ga alamar wannan raba iyalai ba. Bishiyoyi ne masu tsayi da fitilu ta ko'ina, otal-otal kuma na tallan walimar talo-talo ga masu hannu da shuni.

A shekarar 2010 otal ɗin Emirates Palace da ke Abu Dhabi ya kafa wata bishiyar Kirsimeti da aka ƙawata da zinariya da lu'ulu'u na kimanin dala miliyan 11, lamarin da ya janyo ce-ce-ku-ce.

Ga iyalan Turawa da suka saba yin bikin cikin tsananin sanyi, yanayin ma baƙo ne, domin a Dubai zafin rana kan kai maki 25 a ma'aunin Selsiyos a watan Disamba. Wasu kan kai 'ya'yansu bakin teku, wasu kuma wurin wasan dusar ƙanƙara na Ski Dubai da aka buɗe a cikin wani kanti a 2005, domin yaran su ga abin da suka baro a gida.

Makarantu kan tafi hutun hunturu daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, don haka sau da yawa yara na gida, iyaye kuma sai sun ciri kwana ɗaya daga hutunsu na shekara.

'Yan Filifin da kwalin tsaraba

Babu al'ummar da ta fi fito da wannan yanayi fili kamar 'yan ƙasar Filifin, waɗanda akasarinsu mabiya ɗarikar Katolika ne. Fiye da mutum miliyan biyu daga cikinsu ke aiki a ƙetare, kuma Saudiyya da Daular Larabawa ne kan gaba a wuraren da suke zuwa.

A ƙasarsu akwai al'adar da suke kira Simbang Gabi, inda ake fita addu'ar asuba kwana tara a jere, daga 16 zuwa 24 ga watan Disamba. A yankin Tekun Fasha, majami'u da dama sun mayar da ita ta dare, domin masu aiki su samu halarta bayan an tashi.

Akwai kuma babban kwalin tsaraba da suke kira balikbayan. Ma'aikaci kan shafe watanni yana tara sabulu da tufafi da takalman yara da abincin gwangwani, sannan ya aika ta jirgin ruwa tun watan Satumba ko Oktoba, domin kayan su isa kafin biki. Wata doka ta 2016 ta yafe wa irin wannan kaya harajin kwastan, muddin darajarsu ba ta wuce peso dubu 150 ba.

Alƙaluman babban bankin ƙasar sun nuna cewa a shekarar 2023 'yan Filifin da ke waje sun aika da fiye da dala biliyan 33 gida ta bankuna, kuma watan Disamba ne aka saba aikawa da mafi yawa.

A daren bikin, wayar salula ce ke haɗa iyali. Ko ita ma, a Daular Larabawa an daɗe da toshe kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp, sai dai a yi amfani da manhajojin da hukuma ta ba lasisi, irin su Botim.

Ba duk baƙin ne ke yin bikin rana guda ba. Kibɗawan Masar da mabiya ɗarikar Otodoks na Habasha da Eritiriya sai ranar 7 ga watan Janairu suke nasu, lokacin da tuni kantuna suka fara sauke ado.

Zama da maƙwabta Musulmi

Batun taya Kiristoci murnar bikin na daga cikin abubuwan da malaman Musulunci suka yi saɓani a kai.

Malamai irin su marigayi Sheikh Muhammad bin Salih al-Usaimin na Saudiyya sun haramta yin hakan, bisa hujjar cewa amincewa ce da aƙidar da ke tattare da bikin. A ɗaya ɓangaren kuma, hukumar fatawa ta Masar ta halatta, tana mai kallonsa a matsayin kyautata maƙwabtaka, kuma Sheikh al-Tayyib ya sha kai ziyarar taya murna ga shugaban Kibɗawa, Fafaroma Tawadros na biyu.

Shugaban Daular Larabawa, Sheikh Muhammad bin Zayed, shi ma ya sha fitar da saƙon fatan alheri ga Kiristoci a ranar.

A wuraren aiki kuwa, abin da aka fi gani shi ne musayar lokutan aiki: Musulmi ya tsaya wa abokin aikinsa Kirista ranar Kirsimeti, shi kuma ya rama masa ranar Sallah.

Irin wannan yanayi ba baƙo ba ne ga Musulmin da ke zaune a Ingila ko Faransa ko Jamus, inda ranar Idi ba ranar hutun ƙasa ba ce, kuma mutum kan idar da sallah da safe ya wuce ofis ko makaranta.

Saboda haka ranar da bikin ya faɗo a cikin mako tana da muhimmanci ga baƙin. A farkon 2022 Daular Larabawa ta mayar da hutun ƙarshen mako Asabar da Lahadi, amma sauran ƙasashe biyar ɗin suna nan a kan Juma'a da Asabar, shi ya sa majami'unsu suka fi cika ranar Juma'a.

Ranar 25 ga watan Disambar 2026 Juma'a ce. Rabon da hakan ta faru tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta taƙaita taruka a majami'u da masallatai baki ɗaya.