Ko Kun Sani? Rawa Da Ƙwaƙwalwar Tsofaffi

Cikin nau'o'in motsa jiki 11 da aka bibiya tsakanin tsofaffi 469 a birnin New York na Amurka, rawa ce kaɗai aka danganta da raguwar haɗarin cutar mantuwa. Sakamakon ya fito a 2003, kuma iyo da tuƙa keke ba su nuna hakan ba.

Dalilin da masana ke hasashe: mai rawa na bin kiɗa, yana tuna taku, yana daidaita jiki, duk a lokaci guda.

Ga tsohon da ke son gwada rawa, rawar Kanuri ta bukukuwan Maiduguri, mai takun ƙasaita bisa ganga da algaita, ba tsalle ba gaggawa, tana da sauƙi ga mai ciwon gwiwa. Dattijon da tsayuwa ke wahalarwa ma sai ya zauna kan kujera, ya riƙa kaɗa kafaɗa da hannun babbar riga.