Jarabar Tiramol da Kodin Tana da Magani a Asibiti

A gidajenmu da yawa, idan aka gano yaro ya faɗa shan tiramol ko kodin, matakan da ake bi sanannu ne. A fara da nasiha, a koma faɗa, a haɗa da duka, a nemo rubutu da tofi. In abin ya faskara sai a kai shi gidan mari ko gidan gyaran hali. Bayan wata uku ya dawo ya yi ƙiba, ya yi fes, uwa ta yi sadakar godiya. Kafin wata biyu kuma sai a ji ya koma ruwa. Daga nan hukunci ɗaya ake yanke masa: ba ya jin magana. Alhali kuwa shekara sittin ke nan da likitoci suka gano cewa irin wannan jaraba ciwo ce da ke zaune a ƙwaƙwalwa, kuma akwai magungunan da ke riƙe mai ita har ya miƙe.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol suka sha ba da umarnin likita ba, kuma cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da ya tayar da ƙura. Haramcin ya taɓa kasuwa, amma wanda jikinsa ya riga ya kamu yana nan da ciwonsa, sai dai ya nemi wata ƙwayar.

Tiramol, kodin, allurar fenta, mofin da hiroyin duk dangi ɗaya ne, likitoci na kiransu ofiyoyid. Jikin ɗan Adam yana da nasa sinadaran masu rage zafi da kwantar da hankali, kuma akwai wasu gurabe a ƙwaƙwalwa da suke sauka a kai. Waɗannan ƙwayoyi guraben nan suke mamayewa, da ƙarfin da ya ninka na halitta. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa sai ta sake tsarinta don ta zauna da baƙon. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma kati guda. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini ga majiyyaci, amma a kasuwar bayan fage ƙwaya ɗaya kan kai 225 ko 250, shi ya sa ake ganin matasa suna faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya.

Ranar da ƙwayar ta yanke, cikin sa'o'i kaɗan jiki zai fara tambaya. Hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye suna zuba, tsikar jiki na tashi, gumi na keto masa alhali yana rawar sanyi. Ciki ya murɗa, gudawa da amai su biyo baya, ƙasusuwa su yi ta tsami, ƙafafu su kasa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Wanda ya kai wannan mataki ya daɗe da daina sha don jin daɗi, yana sha ne don ya iya tashi ya fita nema. Wannan azaba takan lafa cikin mako guda zuwa kwana goma, amma sha'awar da rashin sukuni kan ɗauki watanni.

A nan ne haɗarin kullewa yake. Wanda aka tsare wata uku, juriyar da jikinsa ya gina ta zube. In ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka lura cewa makonnin farko bayan fita daga kurkuku ko gidan gyaran hali su ne lokacin da masu wannan jaraba suka fi mutuwa.

A 1964 wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara ba masu jarabar hiroyin wani magani mai suna metadon kullum. Shi ma ɗan dangin ne, sai dai yana shiga jiki a hankali, ya kuma daɗe, sa'a 24 ko fiye. In an daidaita adadinsa, mutum ba ya buguwa, ba ya kuma shiga azabar yankewa. Majiyyatansu da a da ba su da aiki sai neman ƙwaya suka koma makaranta da sana'a. Yadda ake yi a asibitocin da ke bayar da shi, majiyyaci ya zo da safe, ma'aikaciyar jinya ta auna masa ruwan maganin a ɗan kofi, ya shanye a gabanta, ya wuce kasuwa ko gareji.

Magani na biyu shi ne bufrenofin, ƙwaya ce da ake sawa a ƙarƙashin harshe ta narke. Tana kama guraben nan da ƙarfi amma ba ta kunna su duka, don haka haɗarin tsayar da numfashi ya fi na metadon sauƙi. Ba a fara ta sai alamun yankewa sun bayyana, in ba haka ba ita da kanta za ta jefa mutum cikin azabar. Faransa ta ba likitocin unguwa damar rubuta ta a tsakiyar shekarun 1990, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen da hiroyin ke jawowa suka ragu da fiye da rabi. Na uku naltirekson, wanda ke toshe guraben gaba ɗaya, ko mutum ya sha ƙwaya ba zai ji komai ba. Sharaɗinsa sai an yi kwana bakwai zuwa goma ba a sha komai ba, wanda nan ne mutane da yawa ke kasawa.

Bincike mai yawa ya nuna wanda ke kan metadon ko bufrenofin haɗarin mutuwarsa yakan ragu da kusan rabi. Masu yi wa kansu allura sukan rage, don haka kamuwa da ƙanjamau da ciwon hanta na raguwa, sace-sacen kayan gida ma haka. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Tanzaniya ta buɗe asibitinta na metadon a Muhimbili da ke Darussalam a 2011, Kenya ta bi sahu a 2014, Senegal ma ta buɗe cibiya a Dakar.

Wani zai ce ai an gudu ne ba a tsira ba, an sauya ƙwaya da ƙwaya. Gaskiya ne jiki yana sabawa da metadon, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Amma a duba rayuwar mutum biyu. Ɗaya ya wayi gari bai san inda zai samo kuɗi ba, bai san abin da ke cikin ƙwayar da ya saya ba, ya sayar da wayar ƙanwarsa. Ɗayan ya karɓi adadi sananne daga hannun likita, hankalinsa a jikinsa, yana sallah a kan lokaci, yana ciyar da iyalinsa. Ko a asibitocinmu ana yi wa wanda aka yi wa tiyata allurar mofin, babu mai ce masa ɗan ƙwaya. Ƙasashen Musulmi irin su Iran da Malesiya sun daɗe da rungumar wannan hanya.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Metadon da aka saya a bayan fage guba ne. Ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali, domin makonni biyun farko su ne mafi haɗari, kuma haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam da rafanol na iya kisa. Kurɓi ɗaya ya isa ya hallaka ƙaramin yaro. Metadon ba ya maganin jarabar wiwi, ko sholisho, ko ais. Ba kuma duk mai shan tiramol ne ke buƙatarsa ba, wani rage masa adadi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawa ya wadatar, likita ne zai tantance. Maganin ya fi aiki idan an haɗa da zaman shawara, da duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, da sana'ar da za ta cike yini. Game da tsawon lokaci kuwa, wani shekara, wani shekaru. Ba a kwance wa mai karaya ɗori don 'yan uwa sun ƙosa, sai ƙashi ya kama.

A Najeriya wannan magani bai yaɗu ba tukuna, kuma nan ne ya kamata gwamnonin Arewa da 'yan majalisa su sa kuɗi. Abin da aka gani a Rigasa da Daura a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari, wasu da sasari a ƙafa, ya nuna inda iyaye ke kai 'ya'yansu idan ba su da wata ƙofa. Kafin a kai ga haka, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, suna da likitocin da suka san wannan ciwo. A je musu, a kuma tambaye su kai tsaye wane magani suke da shi na jarabar ofiyoyid.

In kuma aka tarar da mutum a sheme, ba ya farkawa, numfashinsa na ja da ƙyar, leɓɓansa sun sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a bar shi wai barci zai warware. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita abin da ya sha ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Akwai allurar nalokson da ke dawo da numfashi cikin mintuna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma sai yaro yana raye ake maganar shiryuwarsa.