Su A Lungun Kwara Da Bazara

Cikin watan Afrilu, sa'ad da bazara ta kankama, muka ɗebi waɗansu ɗalibanmu na Makarantar Horon Malamai muka tafi su ƙasar Yawuri. Muka kwana a Yelwa. Da asuba wani dattijo Basarke ya ɗauke mu cikin jirginsa, ya kai mu wani lungu inda Kwara ta kutsa cikin tudu ta kwanta, ruwan ba ya gudu.

Abin da muka fara lura da shi gaɓa ce. Ruwa ya ja da baya ƙwarai, ya bar laka duk ta tsattsage. Muka tambayi ɗaliban me ke cika kogin nan a watan Janairu, alhali kuwa tun Oktoba ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Duk suka yi tsit. Dattijon nan da bai taɓa zama cikin aji ba shi ya fisshe su kunya, ya ce Kwara sau biyu take cika a shekara, da farin ruwa da baƙin ruwa.

Haka kuwa abin yake. Farin ruwa namu ne na damina, Gulbin Sakkwato da 'yan'uwansa ke kawo shi, duk da laka, daga Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuwa baƙo ne. A duwatsun ƙasar Gini ake zuba shi, ya gangaro ya bazu cikin fadamun Masina kafin Tambutu. Can yakan yi watanni yana tafiyar hawainiya har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana garau cikin hunturu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan nan biyu ke cika tafkin, da bazara kuma a yi ta sakinsa saboda wutar lantarki, tafki ya yi ta raguwa.

Namu sun, gaskiya, ba abin fahariya ba ne. Muka wuni da ƙugiya da tana, muka tashi da 'yan kurungu da karfasa. Wani ɗalibi ya cafki minjirya da hannu, ihun da ya yi har tsallake an ji. Ɗan dattijon kuwa ko yaushe ya watsa birgi sai ya jawo tarwaɗa. Giwan ruwa dai ba mu gan ta ba.

To, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. In ruwa ya janye, kifi yakan taru cikin irin wannan lungu, manya da ƙanana, kamunsa ya yi sauƙi, ƙarar da shi ma ya yi sauƙi. Tarun dattijon nan yatsu uku ke shiga idonsa, ƙaramin kifi ya wuce abinsa ya girma. Amma a bakin lungun muka iske waɗansu samari suna jan gidan sauro, sun tara 'ya'yan karfasa da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, suna shanyawa bisa yashi. Waɗannan su ne kifin baɗi, su ne kuma iyayen na baɗin waccan. Dattijon ya duba, ya kau da kai, bai ce uffan ba. Mu ma kunya ta kama mu, don biyu daga cikin samarin sun gama firamare, watau ta hannun irinmu suka bi.

Saboda haka muna roƙon akawunan da ke karɓar kuɗin su a bakin ruwa su riƙa duban idon taru kafin su rubuta rasit. Malamai kuma su fara darasin kogi daga gaɓa, taswira ta biyo baya. Wanda zai kai yaransa ya yi kafin iskar farkon damina ta fara ta da igiyar ruwa, kada kuma ya ɗora wa jirgi mutum ko ɗaya bisa abin da mai jirgin ya yarda.